Eriya Ɗaya a Rufin Yaya

A shagon kayan sadarwa, shugaban direbobin tasi na rungume da wani akwatin ƙarfe, sai dattijon da ke bayansa a layi ya leƙo.

"Malam, mene ne wannan?"

"Dufleksa ake ce masa. Da shi zan ɗora wa eriya ɗaya rediyon oba-oba biyu. Wannan na magana, wancan na saurare, ba mai ƙona wani."

"Ai da ka kafa eriya ta biyu ka huta."

"Mai rufin da eriyar take ya ce sai na roƙe shi. Ni kuwa ba zan roƙa ba."

"Wane ne shi haka?"

"Yayana ne, ciki ɗaya." Ya ƙara ƙanƙame akwatin. "Magana kawai ya iya, Baba. Shi ba a ƙera shi da saurare ba."