Na Roƙi Ubangiji Ya Maido Mini da Zafi

Ina gaishe ku duka cikin sunan Yesu mai rai. Ni ce Rifkatu, Maman Ishaku, telar Tudun Wada da ta ɗinka wa yawancinku ankon Zumuntar Mata. Masu cewa na matse musu riga su yi haƙuri, laifin tuwo ne.

Bara acaɓa ya kayar da ni a hanyar Kongo, ƙarfe ya yanke ni a bayan gwiwa. Likita ya ce jijiyar da ke sa a ji taɓi ta tsinke, sun haɗa ta, in huta, in riƙa dawowa. Ban koma ba. Me zan koma yi, tunda ba na jin ciwo ko kaɗan? Na tsaya a nan na ba da shaida cewa Ubangiji ya ɗauke mini zafi, kuka yi tafi, na tafi na hau keken ɗinki.

Ashe ƙafar ce ta daina ji! Ƙarfen keken ɗinkin da nake takawa ya yi ta gugar diddigena har ya zama gyambo, ban sani ba sai da na ga jini a silifa. Na sa zuma, na fasa kafso na barbaɗa, na shafa man addu'a. Gyambo sai faɗi yake, har ya soma wari.

Kunya ta kama ni. Wadda ta ce ta warke, ta dawo da ruɓaɓɓiyar ƙafa? Na daina zuwa sujada. Sau biyu Mama Fasto ta ƙwanƙwasa, na ce mata mura nake yi, ban buɗe ba. Daga nan ƙofa ta yi shiru. Maigidana ya daɗe da rasuwa, Ishaku yana Legas, in ya bugo waya in ce lafiya lau. Ran Lahadi in ji kiɗanku daga nesa, in dafa shinkafar mutum ɗaya, in kasa ci. Nakan yi kwana uku ban yi magana da kowa ba sai kajina. Kaɗaici ya ci ni, 'yan'uwa.

Maƙwabciyata Hajiya Ladi ce ta ji warin ta katanga. Ta shigo ba jiran izini, ta ce, "Maman Ishaku, wallahi yau ko ki shiga keke-napep da kanki mu tafi asibiti, ko in sa a ɗauke ki."

A asibiti likita ya ce in rufe ido, ya soki tafin ƙafar da allura.

"Mama, kin ji?"

"Ka fara ne?" in ji ni.

Ya ja kujera ya zauna. Ya ce, "Mama, jijiya ba kai ƙarar ciwo kaɗai take yi ba. Ita ke aika wa fata saƙo. Ƙwayoyin fata suna da wasu 'yan kunnuwa masu karɓar saƙon, sai su hayayyafa su rufe rauni. Taki fatar tana zaune kamar leburorin da ba a ce su fara aiki ba. Jijiyar na iya tsirowa a hankali, in kin daina taka ƙafar. Amma in gyambon ya riga ta kaiwa ƙashi, sai mun yanke daga ƙasan gwiwa."

Da la'asar na zauna a shago kusa da kekena, na yi kuka. Na ce, "Uba, na ɗora maka abin da ba ka yi ba, kuma girman kai ya kulle ni a ɗaki. Ka gafarta mini. Ka maido mini da zafi!" Ban taɓa jin wanda ya yi irin wannan addu'a ba. Da na gama, na kira Mama Fasto na faɗa mata gaskiya. Ba ta yi mini faɗa ba, ta dai zo da kunu.

Na rufe shago, na kama sanduna. Kullum wanki da ɗauri. Watanni suka wuce, allura ta shiga ta fita, shiru. Likita ya soma kallon gwiwata yana kawar da kai.

Wata safiya ina ba kaji dusa, sai na ji kamar cinnaka a diddige, can kuma kamar garwashi. Na kurma ihu, "Halleluya!" Hajiya ta rugo da ludayi a hannu.

"Lafiya?"

"Ciwo, Hajiya! Ciwo nake ji!"

"Ikon Allah! Kina ciwo kina dariya?"

Ba a jima ba likita ya nuna mini sabuwar fata ja-ja tana tasowa daga bakin gyambon. Ba a yanke ba!

Yabo ya tabbata ga Yesu! Ku dogara gare shi, ku kuma koma wurin likita in ya ce ku koma. Wanda ya ƙi buɗe muku ƙofa sau biyu, don Allah ku ƙwanƙwasa na uku. Ni kam tun da na miƙe a gabanku ƙafar nan take mini zogi, kuma ba na so in zauna. Amin.