Kwandon da ke Jikin Rumbun Harlan

DARLENE: Alo? Yaya Verna? Kina ji na?

VERNA: Ina jin ki, Darlene. Ba sai kin yi ihu ba. Ritaya na yi daga koyarwa, ba kurumcewa ba.

DARLENE: Ina kwana, Yaya? An tashi lafiya?

VERNA: Lafiya ƙalau. Ya maigidan naki?

DARLENE: Yana can ƙarƙashin tarakta, wai sai ya shuka masara kafin ruwa ya dawo. Ya gwiwar?

VERNA: Tana nan yadda kika san ta.

DARLENE: Sannu. Ban gan ki a coci ranar Lahadi ba.

VERNA: Na je. A baya na zauna. Ke da jama'a suka yi wa zobe, ina za ki gan ni?

DARLENE: Kai, Yaya! To kin dai ji labari ke nan. Jikana Colton, shi aka za... na duk...

VERNA: Maganarki tana yankewa. Fito daga ɗakin girkin nan.

DARLENE: Yanzu fa? Na ce shi aka zaɓa gwarzon ƙwallon kwando na 'yan sakandare! Na bana! Duk faɗin jihar Indiana!

VERNA: Na ji. Rediyo ya faɗa, fasto ya maimaita, mai gidan mai ya rubuta a allonsa, har da kuskure a sunan. Jiya kuma aka ɗora yaron a motar kwana-kwana ana zagaya gari, jiniya ta firgita mini kaji.

DARLENE: Amma ko ki kira ni ki ce barka.

VERNA: Ni ma ina da jika a ƙungiyar nan, ko kin manta? Wa yake miƙa wa Colton ƙwallon da yake jefawa? Daga sama yake faɗo masa? Dalton ne. Da targaɗe a yatsa ya buga wasan ƙarshe, ba wanda ya ɗora shi ko a kan keke.

DARLENE: Ba wanda ya musa, Yaya. Amma masu horarwa da 'yan jarida ne suka jefa ƙuri'a, ba ni ba.

VERNA: 'Yan jarida maki kaɗai suka iya ƙirgawa. Kura da shan bugu, gardi da kwasar kuɗi. Ki faɗi abin da ya sa kika kira, ba gwiwata ce ta dame ki ba.

DARLENE: To... dama jarida ce za ta turo mai hoto daga babban birni, gobe da safe. Suna so su ɗauki Colton a wurin da ya fara koyon wasa.

VERNA: Su je makaranta.

DARLENE: Haba, kin san ba can ba ne. Kwandon nan na jikin rumbunki.

VERNA: Kwandon Harlan.

DARLENE: Shi fa.

VERNA: Mijina, Allah ya jiƙansa, ya hau tsani da kansa ya kafa kwandon nan domin jikansa Dalton. Naki yana zuwa ne ya ci kek ɗin tuffa, ya tattaka mini furanni. Dalton ne ya nuna masa yadda ake riƙe ƙwallo. Yau kuma a buga hoton rumbuna a jarida, da jikan wata a gabansa?

DARLENE: Jikan wata? Ni ce wata? Uwa ɗaya ta haife mu, Verna!

VERNA: Yaya Verna.

DARLENE: Yaya Verna. Yi haƙuri.

VERNA: Ga sharaɗina. Su tsaya su biyu a hoton, kafaɗa da kafaɗa, a rubuta sunan kowa.

DARLENE: Na tambaya. Sun ce mutum ɗaya ake ba kyautar, mutum ɗaya ake ɗauka. Haka ake yi kowace shekara.

VERNA: To babu. Kafin rana ta faɗi zan sa a kwance kwandon. Mai hoton ya zo ya ɗauki katako.

DARLENE: Ba za ki yi haka ba! Yaron nan fa ba ya da wani wuri da... alo? Alo?

VERNA: Ina nan. Tsaya. Akwai mutum a kan tsani a jikin rumbuna.

DARLENE: Wa?

VERNA: Bari in sa tabarau. Dalton ne. Kin gani ko? Ko faɗa masa ban yi ba, ya zo cire abinsa. Yaro mai zuciya, ya gaji kakansa.

DARLENE: Yaya... ba cirewa ya zo ba.

VERNA: Me kika sani a kai?

DARLENE: Sabuwar raga yake ɗaurawa. Shi ne ya faɗa wa 'yan jaridar zancen rumbun. Ya ce in za a ɗauki ɗan'uwansa, a ɗauke shi a ƙarƙashin kwandon Kaka Harlan. Tsoron tunkarar ki ya ji, shi ya sa ya roƙe ni in kira.

VERNA: Dalton ɗin ne ya...

DARLENE: Alo? Layin ya yanke ne?

VERNA: Bai yanke ba.

DARLENE: To me kika ce?

VERNA: A karkace yake ɗaura ta. Duk jihar nan za ta ga raga a karkace a gidana.

DARLENE: Wato kin yarda ke nan?

VERNA: Ban ce na yarda ba, kuma kada ki ɗauka na yi miki barka. Ki gaya wa jikanki ya aske wannan sumar kafin ya tako mini gida. Dalton! Kai, Dalton! Sauko, ba haka ake...

DARLENE: Yaya? Yaya Verna? Alo?