Kwalba ta Uku Daga Ƙofa

Da hantsi ne, a ɗakin tatsar nono na asibiti. Mai jego na riƙe da kofi, ko ɗigo babu, ga bakwainin jaririnta a kwalba yana jira. Nas ta kunna kiɗa mai sanyi ta fita.

"Saki kafaɗarki, 'yata," in ji wata tsohuwa a gefenta. "Nono ba ya son fargaba. Bi kiɗan kawai."

"Kwana uku nake bin sa, Mama. Kiɗa ne zai ƙosar da yaro?"

"Lumshe ido, ki tuna ƙamshin kansa."

Ta lumshe, tsohuwar na bin kiɗan a maƙogwaro. Can nono ya fara ɗiga a kofi. Ta juya za ta yi godiya, sai ta ga gaban rigar tsohuwar ya jiƙe sharkaf.

"Mama, ke ma shayarwa kike?"

"Shekara talatin ke nan da suka ce nawa ya koma. Amma duk aka sa kiɗan nan sai ya nemi nono. Yana kwalba ta uku daga ƙofa."

Mai jego ta miƙe zumbur. A wannan kwalbar nata jaririn yake kwance.