Amsar Da Gideon Ya Bayar A Gadar Melcote

Mai girma Magajin Garin Harnwick kuma shugaban wannan zama, Josias Welby. Masu girma dattawan majalisar gari. Mai girma limamin cocinmu. Shugabannin masaƙa, da na marina, da na mahauta. Samarinmu da ke tsaron ganuwa. Iyayenmu mata da suka cika bayan zauren nan. Jama'ar gari manya da ƙanana, salamar Ubangiji ta tabbata a gare ku.

Ina godiya ga shugaba da ya ba ni wannan dama, ina kuma godiya ga duk wanda ya taka zuwa gidana don jaje. Wanda bai san ni ba, ni ne Ambrose Tilney, mai fataucin ulu, mahaifin Gideon, wanda Kanar Ashcombe na rundunar Sarki yake riƙe da shi a bayan ganuwa. Kun ji saƙon da Kanar ya aiko: ko mu buɗe masa ƙofar gari kafin rana ta take tsaka, ko ya rataye ɗana a itacen da ke gaban Ƙofar Gabas. A kan wannan aka tara mu, kuma maganata uku ce.

Ta farko, ina so ku san laifin Gideon, domin na ji ana ta raɗe-raɗi. Ya kai ulu kasuwa ne tare da Barnaby mai keken doki, ga shi can zaune, shi ya tsira ya kawo mana labari. A gadar Melcote mahaya suka tare su. Kun san yadda sojan zamanin nan yake, na Sarki da na Majalisar Ƙasa da ke yaƙi da juna duk riga iri ɗaya, hula iri ɗaya, yunwa iri ɗaya. Babbansu ya ɗora wa Gideon bakin bindiga a ƙirji ya ce, “Kai, mai warin tumaki, na wa ne kai?”

Gideon ya cire hula, ya ce, “Ranka ya daɗe, ni na Sarki ne da Majalisa.”

Sai suka kwashe da dariya. Babban ya ce, “Kun ji ɗan tawaye da bakinsa. Ko wahalar bincike bai ba mu ba.”

Gideon ya ce, “Yallaɓai, ai Sarki na fara ambata.”

Ya ce, “Da ka tsaya nan, da yanzu kana gida kana shan romo. Wa ya aike ka ƙari?”

Jama'a, wannan ne laifin gaba ɗaya. Tun muna yara abin da ake karanta mana a coci ke nan: Allah ya kiyaye Sarki da Majalisarsa. Da shi aka yi wa iyayenmu addu'a, da shi muke rufe kowane taro a zauren nan. Gideon ya ɗauka ya ba da amsar da ba za ta ɓata wa kowa rai ba. Bai sani ba ashe rundunar Majalisa ta mai da waɗannan kalmomi kirarinta na yaƙi, da su take shiga fage tana harbin sojan Sarki. An ce baki shi ke yanka wuya, amma ban taɓa zaton addu'ar Lahadi za ta yanka wuyan mutum ba, sai da aka zo kan ɗana.

Ta biyu, ina so mu dubi waɗanda suka jefa mu cikin wannan hali, mu dube su da idon gaskiya. Sarki ya ce sarautarsa daga Allah take, babu mahaluƙin da zai tambaye shi dalili. Ya kori Majalisa shekara da shekaru, ya aza mana harajin jiragen ruwa, mu da kakanninmu ba su taɓa ganin teku ba. Majalisa ta dawo ta ce ba a taɓa aljihun talaka sai da yardar wakilansa. Muka yi murna, muka buga ƙararrawa, ni da kaina na sayi ganga guda ta giya na raba a kasuwa. Ba a jima ba wakilan namu suka sa wa giyar haraji, suka sa wa gishiri, suka sa wa nama. Sojan Sarki ya kwashe mana dawaki ya ce don Sarki, sojan Majalisa ya kwashe mana cuku da hatsi ya ce don 'yancinmu. Kada wani ya ce Ambrose yana magana ne don son wani ɓangare. Na ƙoshi da su duka biyun, kuma ina faɗa a gaban kowa.

Ta uku ita ce mai nauyi, ita ce maganar ƙofa. Na san abin da kuke jira in ce. Na ga yadda kuke sunkuyar da kai idan na wuce, kowa yana cewa a ransa, uba ne, zai roƙe mu mu buɗe, kuma wa zai iya hana shi? Ɗazu da safe matar ɗana, Tabitha, ta tare ni a bakin ƙofar gida da jaririnta a hannu. Ta ce, “Baba, kai suke jin maganarka. Ka ce su buɗe.”

Na ce, “'Yata, kin san abin da aka yi a Melcote.”

Ta ce, “Ina ruwana da Melcote? Mijina nake so. Ko ba kai ka haife shi ba ne?”

Gaskiya ta faɗa, ni na haife shi, kuma ba ni da wani ɗa sai shi. Amma na je Melcote bayan da suka buɗe wa wannan Kanar ƙofa bisa alkawarin ba zai taɓa kowa ba. Na ga masaƙu sun zama toka. Na ga dattijo an ɗaure shi a bakin murhunsa ana gasa masa ƙafa don ya faɗi inda ya ɓoye cokulan azurfa. Na ga 'yan mata waɗanda har yau ba sa iya ɗaga ido su dubi mutum. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Ba a ba kura ajiyar nama, ko da ta rantse da littafi. In mun buɗe, ba ni da tabbacin za a sako Gideon, amma ina da tabbacin abin da zai sami Tabitha, da 'ya'yanku mata, da tsofaffin da ke kwance a gidan marasa galihu. In kuma rundunar Majalisa ta iso daga baya ta tarar mun karɓi sojan Sarki, ita ma sai ta karɓi nata rabon a jikinmu.

Saboda haka, ya shugaba, ya dattawa, ya jama'ar Harnwick, da bakina nake faɗa don kada nauyin ya hau kan waninku: kada ku buɗe ƙofa. Ku ƙara mata sakata. Wanda zai ɗaga hannu wajen ƙuri'a ya ɗaga ba tare da ya dube ni ba, ban riƙe kowa a zuciya ba. Zuciyata tana ƙuna, ina jin tsoro, kuma na san Tabitha ba za ta sake kirana Baba ba.

Alfarma ɗaya nake nema. Idan an gama ƙuri'a, a ba ni igiya mai ƙarfi da samari biyu su zura ni ta bayan ganuwa. Zan je wurin Kanar in roƙe shi ya karɓi tsoho ya saki yaro. In ya ƙi, zan tsaya a gindin itacen inda Gideon zai iya ganina, domin kada ya duba ko'ina ya ga baƙin fuskoki kaɗai. In na sauka, ku janye igiyar sama, kada ku bar ta tana lilo saboda ni.

Ubangiji ya tsare wannan gari da ganuwarsa. Ya tsare matanmu da 'ya'yanmu. Ya ba shugabanninmu na nesa tsoronsa, ya ba na kusa ƙarfin zuciya. Ya sanyaya zuciyar Tabitha, ya raya jikana, ya sa ya girma a ƙasar da ba a tare mutum a hanya a tambaye shi na wa ne shi. Ya mai da kowannenku gidansa lafiya.

Na gode.