Wuƙaƙenmu da ke hannun Dakta Iftikar

Malam liman, shugaban masaƙan darduma na garinmu Bhadohi, likitoci abokan aikin marigayi, uwargidansa Begum Nafisa da yaranki, jama'a, assalamu alaikum.

Ni Shamshad ne, masaƙi. An ce in yi magana a madadinmu, ga shi bakina ya yi nauyi.

Kun san wuƙarmu ta yanke zare. Hannu ya zame kaɗan, sai ta datse jijiyar da ke lanƙwasa yatsa, yatsan ya tsaya a miƙe. Dakta Iftikar ya kasance mai ɗinke wannan jijiya. Ya taɓa nuna mini a tafina, ya ce, "Jijiyoyi biyu ne ke bin kwararo ɗaya, matsattse. Ɗinki ya yi kauri, su maƙale. Ya yi sako-sako, ya tsinke."

Ya kasance ya san halinmu. Mu masaƙa, fata na haɗewa sai mu koma bakin aiki, mu damƙi wuƙa, ɗinkin ciki ya ɓalle. Da ya gaji da mu, sai ya kafa doka: ba zai taɓa hannunka ba sai ka ba shi wuƙarka ya kulle.

Na ce, "Haba Dakta Sahib, ai sai in ari ta maƙwabci."

Ya ce, "Masaƙin da zai ba ka aron wuƙarsa, kawo shi in duba masa kai."

Mun yi ta gunaguni, wallahi. Amma da yatsunmu muke ciyar da 'ya'yanmu yau.

Ga nawa hannun, har yanzu a ɗaure. Shi ne na ƙarshe da ya ɗinka. Ya ce, "Kada ka damƙi komai sai na ce." To, wa zai ce mini yanzu? Zuciyata ta karye, jama'a.

Begum Nafisa, kin kawo mana wuƙaƙen yau, mun gode. Tawa dai ki mayar. Ba zan karya dokarsa don ba ya nan ba. Sai ɗalibarsa Dakta Rubina ta duba ta ce ya warke.

Mun gode wa kowa da ya zo. Yanzu duk wanda Dakta Iftikar ya ɗinke wa hannu, ya ɗaga shi. Begum, waiga ki gani.

Ya Allah, da hannuwan da ya gyara muke roƙonka. Ka jiƙansa, Ka haskaka kabarinsa, Ka riƙe masa iyalinsa. Amin.