Gidan Ruwan Lemo Ya Ɓace

A shagon fenti, wani direba ya rungumo bokiti kamar jariri. Matar da ke bayansa a layi ta leƙa.

"Ruwan lemo, malam? Ai yanzu ruwan toka ake yayi."

"Yayin ne ya kashe ni, baiwar Allah! Matata tela ce, shekara takwas kwatancenta ɗaya: gidan ruwan lemo. Ta yi tafiya, na ce bari in burge ta, na mulke shi da toka."

"Ai ka kyauta."

"Na kyauta wa maƙwabciya dai! Gida tara a layin, duk toka, ita ma keken ɗinki gare ta. Madam ta ce ko lemo ya dawo ko in koma kwana a mota."

Matar ta dafe ƙirji. "Tsaya, layin bayan gidan mai?"

"Shi fa!"

"Wayyo cikina! Na nemi lemo na rasa, na ce ina tela, aka nuna min wata, ashe maƙwabciyarku ce. Leshi uku na bari can!"

"To maza ki karɓo."

"In karɓo? Ga ɗaya a jikina." Ta juya tana rangwaɗa.

Direba ya ƙare wa ɗinkin kallo, ya ga ya fi na matarsa kyau.

"Mai shago, ƙaro bokiti biyu. Yau har bishiyar ƙofar gida sai ta sha fenti!"