Duwatsun da Kifin Bature Ke Ci

Ranar da Baturen kamfanin mai zai dawo daga hutu, ranar kukunsa Dogara ya gudu. Yana zaune bakin tagar motar Inugu a tashar Rumuokoro, wani dattijo mahauci da ya rako kaya ya dube shi daga waje.

"Samari, wannan gumi fa? Kisa ka yi?"

"Kusan haka, Baba. Maigidana yana da akwatin gilashi cike da ruwan teku, da ƙaton kifi mai zane kamar atamfa, da duwatsun murjani. Ya bar mini amanarsu."

"Kifin ya mutu?"

"Yana nan garau. Na ga yana ta gutsurar duwatsun, sai na kwashe su na jera a faranti."

"To, dutse ai dutse ne."

"Ashe suna da rai, Baba. Kafin kwana biyu gidan ya ɗauki wari."

"Kai! Saniya ta shiga gona, sai ka tumɓuke shukar ka bar saniyar?"

"A jirgi aka kawo su. 'Yan sanda maigidana zai kira. Ga shi tun da na dawo bayan yaƙin basasa ba ni da wanda zai tsaya mini a garin nan."

"In suka rasa ka, wanda suka tarar za su kama. Haka suke."

Direba ya ta da mota. Dogara ya leƙo zai ce don Allah a gaya wa matarsa Haulatu, da ya baro a gidan Baturen, ta bar gidan, amma dattijon ya riga ya juya.